Nahawuna babu kuskure, amma ana cewa ban iya magana ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 26, na karanta kimiyyar harshe a jami'a kuma na fita da sakamako mai kyau. Wata takwas ke nan da na fara aiki a wani ofis. Duk takardar da za ta fita sai ta bi ta hannuna, saboda ba a kama ni da kuskuren nahawu. Amma maganar da ke yawo ita ce wai ban iya magana ba. Rannan shugabanmu ya tambaye ni ko na gama rahoto, na ce masa "A'a, ban gama ba", sai kawai ya haɗe rai ya wuce. A wani taro ya faɗi adadi ba daidai ba, na gyara masa nan take, tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wata abokiyar aikina tana ba ni labarin yadda ta kwana asibiti da ɗanta, na nuna mata inda ta yi sakaci da abin da ya kamata ta yi, yanzu ko kusa da teburina ba ta zuwa. Ban yi ƙarya ba, ban zagi kowa ba. Ni ce ba ni da tarbiyya, ko mutane ne ba sa son gaskiya? Har na fara tunanin in ja bakina in yi shiru gaba ɗaya.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Wadda ba ta da tarbiyya ba ta zama ta rubuto wasiƙa tana tambayar ko ta ɓata wa wani, don haka ki sauke wannan nauyin daga ranki. Mutanen ofishinku ma ban ga alamar gaskiya suke gudu ba. Shugabanku ya fi kowa son adadin nan ya fita daidai, tunda shi zai sa hannu a ƙasan takardar. Abin da ke damunki yana da suna a fannin da kika karanta, kuma ina kyautata zaton kin taɓa amsa tambaya a kansa a zauren jarrabawa.

Ki duba yadda muke amfani da kalmomin nan biyu, "iya magana". Idan aka ce yaro ɗan shekara 3 ya iya magana, ana nufin bakinsa ya buɗe, yana haɗa jimla. Idan kuma aka ce wance ta iya magana, alhali shekararta 40, kowa ya san ba haɗa jimla ake nufi ba. Ita ce ake turawa in za a faɗa wa mutum abu mai nauyi, ita ke shiga tsakanin masu faɗa su rabu kowa na ganin ba a kayar da shi ba. Ke kin ƙware a na farko har kin zama mai gyara wa wasu. Na biyun ne ake cewa da saura.

Masana harshe ma sun yi ja-in-ja a kan wannan. A 1965 Noam Chomsky ya bambanta sanin dokokin harshe da mutum ke ɗauke da shi a kansa da abin da ke fita daga bakinsa a zahiri, mai cike da tuntuɓe da mantuwa da katsewa. Ya ce na farkon ne abin nazarin masani, ya kuma ƙaddara wani mai magana da ya san harshensa ciki da bai, yana zaune cikin mutanen da duk bakinsu ɗaya. Shekara guda bayan haka Dell Hymes, wanda ya yi aiki a kan harsunan 'yan asalin Amurka, ya ce ba a gama ba. Ya ce a ɗauki yaron da zai iya ƙera kowace jimla daidai da nahawu, amma bai san lokacin magana da lokacin shiru ba, bai san me ake faɗa wa wa ba, a ina, da wace irin murya. Irin wannan yaro ba zai zaunu cikin mutane ba. Cikakken sanin, wanda ya haɗa nahawun da sanin wuri, shi Hymes ya kira ƙwarewar sadarwa, kuma a rubutunsa da ya fito a 1972 ya ce akwai dokokin amfani da harshe waɗanda in babu su dokokin nahawu ba su tsinana komai. Ya jera tambayoyi huɗu da za a yi wa kowace magana: ko nahawu ya yarda da ita, ko baki da ƙwaƙwalwa za su iya ɗaukarta, ko ta dace da inda aka yi ta, da ko mutane na faɗinta haka a zahiri. Maganganunki uku duk sun tsallake ta farko da ta biyu. A ta uku suka yi tuntuɓe. Malaman balagar Larabci ma, ƙarnoni kafin a haifi su Hymes, haka suka bayyana zance mai balaga: wanda ya dace da abin da hali ke nema, bayan kasancewarsa fasihi.

Mu ɗauki rahoton. John Austin, masanin falsafa na Oxford, ya nuna a laccocin da ya gabatar a Harvard a 1955 cewa magana aiki ce. Akwai kalmomin da aka furta, akwai aikin da aka yi da su, akwai kuma abin da suka bari a ran mai ji. In wani ya tsayar da ke ya ce "Kin san ƙarfe nawa kuwa?" kika ce "Na sani" kika wuce, kin amsa jimlarsa daidai, shi kuwa yana nan tsaye bai san lokaci ba. Tambayar shugabanku irin wannan ce. Siffarta ta eh ko a'a ce, amma aikin da take yi tunatarwa ne. Wataƙila shi ma akwai mai jiransa a sama. Abin da yake son ji shi ne yaushe, kuma me ya tsayar. Da cewa kika yi, "Yallaɓai, saura shafi biyu, alƙaluman ɗaya sashen nake jira, in Allah ya yarda kafin a tashi yana kan teburinka", da kin faɗi gaskiyar nan dai, cewa ba ki gama ba, kin kuma ba shi abin da zai riƙe. Paul Grice ya sa wannan cikin ƙa'idojin hira da ya wallafa a 1975: ka ba da bayani gwargwadon buƙata, kada ya gaza, kada ya zarce. Duk wanda ya ba da ƙasa da buƙata, mai sauraro zai ɗauka da gangan ya yi, ya shiga neman dalili. Dalilin da ya fi saurin zuwa ran mutum kuwa shi ne raini.

Akwai kuma sauri. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna hira a harsuna 10, ciki har da Japananci da Italiyanci da harshen Denmark, suka ga tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a matsakaici kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce, kuma amsar amincewa ta fi ta musu saurin fitowa. "A'a" takan zo da ɗan jinkiri, da "wallahi kuwa", da uzuri a gabanta. Kunne ya saba da haka. In ta zo tsirara kuma da gudu, mutum ji yake an gatsa masa magana, ko da mai faɗar ba ta nufi komai ba.

Maganar taron ta fi nauyi. Erving Goffman ya yi amfani da kalmar fuska wajen bayyana darajar da mutum ke son a gan shi da ita cikin jama'a, Penelope Brown da Stephen Levinson kuma suka gina nazarin ladabin magana a kanta a 1978. Mu da muke cewa an ci fuskar wane ba ma buƙatar dogon sharhi. Sun ce nauyin magana mai taɓa fuska yana hawa da abu uku: girman wanda ake faɗa wa, nisan da ke tsakaninku, da girman abin da kansa. Ki ƙara da na huɗu da Hymes ya dage a kai, wato su wa ke wurin. Gyaran da in ku biyu ne zai ce miki "madalla, na gode", a gaban mutum goma da ke ƙarƙashinsa ya zama tsinkawa. Adadin bai canza ba, masu kallo ne suka ƙaru.

Ban ce ki bar kuskure ya wuce ba. In a kan adadin nan za a yanke shawara a zaman, wajibi ne ki yi magana, kuma shiru a nan cin amana ne. Sai dai hanyoyi suna da yawa. Kina iya rubuta adadin a 'yar takarda ki miƙa masa ya gyara da bakinsa. Kina iya cewa, "Yallaɓai, a kwafin da ke hannuna 47 na gani, ko akwai wanda ya fi shi sabunta?" Kin ɗora saɓanin a kan takarda, kin bar masa hanyar dawowa. In kuwa ba abin da za a yanke a kansa, ki bari a tashi ki same shi. Ina kuma faɗa miki tsakani da Allah, babba ya kamata ya iya karɓar gyara, kuma na sha ganin maganar da in namiji mai shekaru ya yi a ce ya tsaya kan gaskiya, in yarinya ta yi a ce ta cika rawar kai. Wannan ba adalci ba ne. Amma ke kika rubuto mini, ɓangarenki ne kuma ke hannunki.

Ga abin da nake ganin shi ne tushen ciwon, kuma ina so ki tsaya a kansa. A 1983 Jenny Thomas ta yi rubutu a kan masu magana da harshen da ba nasu ba, ta lura cewa kuskuren nahawu a fili yake, mai sauraro yana ji ya san na harshe ne, sai ya yi uzuri. Kuskuren dacewa kuwa ba a ganin sa a matsayin kuskure, a kan halin mutum ake ɗora shi, a ce ba shi da ladabi ko yana da girman kai. Kuma gwargwadon ƙwarewar mutum a harshen, gwargwadon ƙarancin uzurin da za a yi masa. To ke ce mai gyara takardun ofis. Kowa ya san kina auna waƙafi da aya. Babu wanda zai yarda cewa mai irin wannan idon ta saki magana ba tare da ta tauna ba. Shi ya sa abin da za a yafe wa wata, ke ake riƙe ki da shi.

Murya ma tana ciki. John Gumperz ya ba da labarin wasu mata 'yan Indiya da Pakistan da aka ɗauka aiki a ɗakin cin abincin ma'aikata na wani babban filin jirgin sama a Birtaniya, aka yi ta ƙorafin ba su da fara'a. Da aka naɗi maganarsu, sai aka ga kalma ɗaya suke faɗa wajen yin tayi, irin wadda takwarorinsu Turawa ke faɗa. Turawan suna ɗaga murya a ƙarshe, sai ta zama tambaya. Su kuwa suna sauke ta, sai kunnen Bature ya ji kamar an ce ga shi nan, in ka ga dama. Ki gwada da "to" tamu. Akwai "to" ta yarda, akwai "to" ta mamaki, akwai "to" ta ka ji da shi. A rubuce duk harafi biyu ne, don haka saƙon waya ya fi fuska da fuska haɗari ga mai taƙaita magana irinki.

Yanzu abokiyar aikinki, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Kin san rabe-raben zance da ake koyarwa: labari, siffantawa, bayani, da kafa hujja. Littafin Alexander Bain na 1866 yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan rabon a makarantu, daga baya Egon Werlich ya ƙara zancen umarni, wato nuna yadda ake yin abu. A aji ana koyar da su don rubuta insha'i, amma a baki ma suna nan, kuma kowanne da irin amsar da yake nema. Mai bayani yana son a gane. Mai kafa hujja yana son a yarda ko a kawo wadda ta fi tasa. Mai labari yana son a bi shi. Shekarun jami'a sun horar da ke a kan bayani da hujja, har kunnenki ya saba da neman inda magana ta yi rauni. Matar nan labari take ba ki. William Labov da Joshua Waletzky sun nuna a 1967 cewa labarin abin da ya faru da mutum yana da gaɓar da mai shi ke nuna dalilin da ya sa yake ba da shi. A nata labarin gaɓar ita ce tsoron da ta kwana da shi. Aikinki a wurin ƙarami ne: "subhanallahi", "sai aka yi yaya?", "sannu, Allah ya ƙara sauƙi". Sai kika amsa labari da hujja, kika rufe da umarni. Gail Jefferson da John Lee sun nazarci irin wannan hirar a 1981, suka ga masu kai kuka sukan ƙi shawarar da ta zo da wuri ko da mai kyau ce, domin tana mayar da hankali daga kan mutumin zuwa kan matsalar. Uwar da ta kwana a bakin gadon ɗanta ta riga ta tuhumi kanta sau ɗari kafin gari ya waye. Ba ta zo wurinki don a ƙara mata ba.

Na san wannan kuskuren daga ciki. A shekarata ta farko ta koyarwa na ba ɗalibai insha'i a kan ranar da ba za su manta ba. Wani yaro mai zama a layin baya ya rubuta shafi ɗaya da rabi a kan ranar da mahaifinsa ya rasu, yadda aka zo aka ɗauke shi daga makaranta ba a faɗa masa komai ba, yadda ya ga takalma jibge a ƙofa ya gane. Na bi shi da jan biro layi-layi, na gyara masa rabon kalmomi, na rubuta maki a sama. Da na miƙa masa ya duba jan da ya cika takardar, ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu. Gyarana duk daidai ne. Har ƙarshen zangon bai sake rubuta mini abin da ya shafe shi ba, kuma har yau ina jin abin a raina.

Za ki ce, wannan ai koyon munafunci ne. Munafunci shi ne ki faɗi abin da ba shi ne a zuciyarki ba, kuma gaskiya tana cikin ƙa'idojin Grice ɗin nan, ba a cire ta ba. Likita yana faɗa wa abokin aikinsa sakamakon gwaji cikin jimla ɗaya, yana faɗa wa uwar majinyaci sakamakon nan dai a zaune, a hankali, yana duban fuskarta. Bai yi wa ɗayansu ƙarya ba. Haka nan kalmomin da kike gani kamar ɓata lokaci, irin su "ya aiki", "ya gajiya", suna da nasu aikin. Bronislaw Malinowski ya bayyana su tun 1923 a matsayin maganar da ake yi don ƙulla zumunci, ba don isar da wani bayani ba. Su ne shimfiɗar da magana mai nauyi ke sauka a kai.

Shirun da kike tunani kuwa ba mafita ba ne. A ofishin da aka riga aka sa miki ido, shirun ma fassara shi za a yi, a ce fushi ne ko jan aji.

Abin da nake so ki yi yana cikin horon da kika samu. Michael Canale da Merrill Swain, a 1980, sun kasa ƙwarewar sadarwa zuwa sanin nahawu, sanin abin da ya dace da mutane da wuri, da dabarar gyara in magana ta karkace, Canale kuma ya ware iya ɗinka zance a matsayin kashi na huɗu a 1983. Duk koyonsu ake yi, ba gado ba ne. Ki ɗauki ofishinku kamar al'ummar da aka tura ki nazarin harshenta. A kowane wurin aiki akwai mutum ɗaya da kowa ke son ya kai masa magana. Ki sa masa kunne na mako biyu. Yaya yake cewa a'a? Me yake faɗa kafin ya kawo gyara? Daƙiƙa nawa yake bari kafin ya amsa? In kin koma gida ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, kamar yadda aka koya miki rubuta hirar da aka naɗa. Za ki ga tsari yana fitowa mai dokoki kamar na ginin jimla. Kafin ki amsa kowace magana kuma, ki tambayi kanki abu ɗaya: me mutumin nan yake yi da maganarsa, tambaya yake, ko tuni, ko kuka yake kawowa? In kin ga fuska ta canza, kada ki jira sai gobe. "Ban faɗe shi daidai ba, bari in sake" jimla ce da ke ceto da yawa.

Shugabanku ki same shi shi kaɗai, ki ce gyaran da kika yi a taro ya kamata ki kawo masa a keɓe, ya yi haƙuri. Kada ki janye adadin, domin daidai ne, wurin faɗar kawai za ki nemi afuwa a kai. Jimla biyu sun isa.

Ita kuwa uwar yaron, kada ki tura mata saƙo, ki je da ƙafarki. Ki ce, "Rannan kina ba ni labari ban saurare ki yadda ya kamata ba, ki yafe ni. Yaya jikin yaron?" Ki kira sunansa in kin sani. Zuciyarki za ta so ki ƙara da cewa ai da kyakkyawar niyya kika yi, ki danne, domin wannan komawa kafa hujja ne. Wataƙila ta ce "da sauƙi" ta ci gaba da aikinta, ki karɓi hakan, ki sake tambaya bayan kwana biyu. In kuma ta ja kujera ta faro miki labarin daga farko, ki ajiye wayarki ki bar ta ta kai ƙarshensa.